Tarko a Gonar Kawu

Da ganyen tumatirin Kawu ya fara nannaɗewa, na bayyana masa cewa farin ƙuda ke yaɗa cutar, kuma in ba a tare shi ba, ko kwando ɗaya ba za mu kai kasuwa ba.

"To, mai difloma, me ke tare shi?"

"Allo ruwan ɗorawa, Kawu, a shafe shi da giris. Launin ke jan su, sai su maƙale."

Kawu ya duba ko'ina, babu allo. Sai idonsa ya sauka kan sabuwar rigata ruwan ɗorawa.

Tun safe nake tsaye tsakiyar gona, hannuwa a buɗe, rigar a jikina tana nason giris. Maƙwabcinmu ya leƙo ta shinge, ya ƙare mini kallo.

"In kun gama da shi," in ji shi, "a ara mini gobe."