Dutsen da Ya Yi Kuka a Murhu

Wani sashe na labarin nan ya zube mini, kamar yadda haƙora suka zube. Na manta ko shekara biyu ce bayan samun mulkin kai ko uku. Rubutun ma a yi haƙuri da shi, tafin hannuna na dama ba ya naɗuwa sosai.

Abarci shi ya gina rijiyar unguwarsu a Dakoro, dab da tsofaffin ramukan majema. Yana ji da ita. Amma tun da aka fara shan ta, yaran unguwa suke ramewa, aka binne huɗu. 'Yarsa Safi kaɗai take ƙiba.

Matarsa Nagoggo 'yar wani madugun gishiri ce daga arewa. Ta zo da wasu fararen duwatsu marasa nauyi, tana jera su a cikin randa. Kowace Juma'a sai ta kwashe su, ta jiƙa a ruwan gishiri, ta shanya, ta mayar.

Mutane suka fara ƙus-ƙus: ta wasu tana mutuwa, tata tana sheƙi?

Wata rana da hantsi Uwale, mahaifiyar Abarci, ta tsamo ɗaya daga duwatsun ta jefa a murhu. Dutsen ya yi tsuwa, ya fito da kumfa, yana huci kamar mai rai.

"Ka taɓa jin dutse ya yi kuka?" in ji Uwale, tana duban Abarci. "Kurwar ɗiyan mutane ce!"

Nagoggo ta durƙusa. "Inna, ruwa ne ya sha. Haka babana ke gyara ruwan hanya. Maigida, ruwan rijiyar nan ba shi da lahiya. Na sha gaya maka."

Wannan maganar ce ta ƙona shi. Rijiyarsa? Ya sa hannu cikin garwashi ya fizgo dutsen, ya saki Nagoggo nan take. Sauran ya watsa a bola. Ta roƙi a ba ta Safi, aka hana.

Kafin kaka Safi ta rame. Kafin damina aka binne ta. Uwale ta ce uwar ce ta dawo ta ɗauki kurwarta, Abarci ya yarda. Ya bar ginin rijiya, ya shiga duniya neman karatu, yana tsine wa Nagoggo gari-gari.

Abu ɗaya na tabbatar daga baya. Wani masanin duwatsu a Yamai ya gaya mini sunan dutsen, ziyolit. Cikinsa ƙananan ramuka ne da ke riƙe ruwa, shi ya sa yake kumfa a wuta. Yana tsotse wani dafin da ke cikin ruwa, gishiri kuma ya wanke shi. Ya tambaye ni inda na samo guntun da na kai masa. Sai na buɗe masa tafin hannuna, ya ga inda dutsen ya ƙone ni.