'Yar Bindigar Madugu

Bindigar ba ta kai tsawon tafin hannu ba, amma ita ta hana Sahabi ƙiba, shi da yake wuni cikin nama a kasuwar Guéma ta Parakou.

Tana Djougou, a gidan mahaifinsu marigayi Alhaji Tambaya, a hannun yayansa Umar Faruƙ, kwance cikin wani ɗan akwatin katako bisa jan ƙyalle. Duk baƙon da ya shiga gidan, kafin shayi ya tafasa an fito da ita, an kuma karanta masa tarihinta. Wai a Turai aka ƙera ta tun kafin yaƙin duniya na farko, a wata 'yar masana'anta. Harsashinta bai fi ƙwayar gyaɗa ba, tana cin bakwai, kuma da kanta take ɗora na gaba in an harba. Shekara huɗu kacal aka yi ana ƙera irinta, sai waɗanda suka fi ta suka fito, aka manta da ita. Wani Bature ɗan kasuwa ne ya ba kakansu madugu, ladan fitar da shi daga daji da ayarin goro ya yi. Yau ko duniya za ka zaga ba ka samun harsashinta.

Sahabi ya haddace wannan karatu tsaf, ba don yana so ba. Duk zuwansa Djougou sai Umar Faruƙ ya zaunar da shi, ya ɗora masa ita a hannu, ya nuna masa yadda ake warware ta da inda ake ɗiga mai.

"Sake haɗawa in gani. Ba haka ba, Sahabi, a hankali."

"To, Yaya."

Bakinsa ke cewa to, amma a ransa ba haka ba ne. Wannan ai gori ne: a ɗanɗana maka, a karɓe, a rufe akwati. Ga shi an ce kowa na iya taɓa bindiga, amma kada wanda ya kuskura ya ɗaga jan ƙyallen nan.

Dama tun da ya bar sana'ar goro ya taho Parakou ya kama wuƙar fawa, ya san tsohon bai ji daɗi ba. Sau biyu kuma ana zuwa belinsa saboda faɗa a kasuwar shanu. Da tsohon ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, an raba gida da gona daidai, ba wanda ya ce uffan a kan bindiga. Kawai aka wayi gari tana ɗakin Yaya. Gona ba ta dame shi ba. Abin da ke cin sa shi ne a ce duk jikokin madugu, Umar Faruƙ ne magajin sunansa, shi kuwa mahauci ne kawai.

Abin ya ƙare ne ranar da wani dillalin shanu ya miƙo masa waya. Ga hoton Umar Faruƙ cikin babbar riga, bindiga a tafi, mutane sun yi ta yabo a ƙasa. Ko sa'a ba a yi ba sai ga kiran Yayan da kansa.

"Ranar Alhamis kake cika arba'in, ko? Ka zo gida, kai da Lubabatu. Ka sa kaya masu kyau."

Wato a sake tara mutane a nuna masa iyakarsa. Sahabi ya sare ƙashin da ke gabansa har gatari ya kafe a katako.

Matarsa Lubabatu ta ga ya dawo gida yana murmushi, ta ce, "Maigida, wannan dariyar ba ta alheri ba ce."

"Ke dai dafa mana shinkafa."

Washegari da hantsi ya hau zemijan, wato babur ɗin haya, har unguwar Titirou, inda ba a san fuskarsa ba, ya ari wayar wata mai sayar da doya. Ya kira 'yan sandan Djougou, ya maƙe murya kamar tsoho. Ya ce akwai makami ba takarda a gida kaza, unguwa kaza. Ya ƙara da cewa su ɗaga jan ƙyallen da ke cikin akwatin, don ya tabbata harsasai ne a ɓoye. Mai makamin kuma, in ji shi, mutum ne mai zafin zuciya, kada a sassauta masa.

Ba so yake a ɗaure Yaya ba. A dai kwashe ta, a ja masa kunne, kowa ya rasa, a huta.

Labari ya iso ranar Talata. An je, an ɗauke, an ce irin waɗannan narkar da su ake yi. Umar Faruƙ ya bi motar da ƙafa har kwamisariya, ofishin 'yan sanda, yana rantsuwa cewa tasa ce, shi za a kama, ba kowa ba.  Ranar Sahabi har gyara ya riƙa yi wa masu saye, tsoka guda guda.

Ranar Laraba da azahar mota ta tsaya gaban teburinsa. 'Yan sanda biyu suka fito, babbansu riƙe da wata tsohuwar takarda mai ninki huɗu.

"Kai ne Sahabi Tambaya?"

"Ni ne, yallaɓai. Kilo nawa?"

"Ajiye wuƙar. Ba harsashi a ƙarƙashin ƙyallen, wannan muka samu. An ce mana kada mu sassauta wa mai makamin, shi ya sa muka taso tun daga Djougou."

Ya warware takardar. Rubutun ajami ne na Alhaji Tambaya, da fassarar Faransanci a ƙasa, da sa hannun shaidu biyu. Ya karanta da ƙarfi, duk layin mahauta na ji:

"Bindigar madugu ta ɗana Sahabi ce, don shi ya ɗauko zuciyar kakansa, Umar Faruƙ ya riƙe masa amana, ya koya masa kula da ita, kada ya gaya masa sai ranar da ya cika arba'in."