Goman Farko

Ni na riga kowa gane yadda kwamfutar kamfaninmu na fata a Agege ke juya sunaye, ni mai shara da ban san bihim ba. Mastura akawu takan danna saman allon, tsofaffi su hau sama. Ta sake, yara su hau.

Rannan Oga ya ce, "Tsofaffi a sama. Goman farko, sallama."

Ni kuwa ina cikin tsofaffin. Mastura ta jera tsofaffi a sama, tana fita alwala na danna sau ɗaya. Ta dawo ta buga takardar ba ta duba ba.

Sunan farko Shamsu, autana, matarsa da ciki. Ya ce, "Baba, me na yi?"

Na ce, "Ƙaddara ce, ɗana."

Ai na san shi ne ƙarami a cikin ma'aikata. Mai musu ya je kasuwar Mile 12 ya tambaye shi, yana can yana dako.