Kwando Sittin da Sabon Layi

Ashiru, tun ɗazu nake kallonka, ka jera kamfanonin waya huɗu a takarda kana auna wanda ya fi ba da data da araha, kamar mai zaɓen ragon layya. Ba laifi. Amma tunda ka ce ƙauye aka tura ka aiki, ajiye biron tukuna in ba ka wani misali.

An yi wani manomin tumatir mai noman rani a cikin wani kwari, gonarsa ce ta ƙarshe kafin rafi. Mutumin kirki ne, ga ƙwazo, aibinsa ɗaya: ba ya son a ce wani ya fi shi wayo. Duk manoman kwarin layi ɗaya suke riƙe da shi, don shi kaɗai ke kamawa a wurin, sanda biyu, ranar sa'a uku. Ga tsada ga shan data kamar ana zuba ruwa a rairayi. Kullum cikin zagin layin suke, amma ba wanda ya yar. Ta nan dillalinsu ke sanar da su zancen motar Ikko da ke zuwa ɗaukar kaya kowace Alhamis. Ba ya kiran mutum arba'in ɗaya bayan ɗaya, saƙon murya guda yake jefawa a guruf ɗin da ya tara su, kowa ya saurara.

Ran nan manomin ya shiga birni sayen taki, ya tarar masu tallar layi sun kafa lemarsu a bakin kasuwa. Kada ka ce gaggawa ya yi, a'a, irin aikin nan naka ya yi. Ya zagaya lema huɗu, ya tambayi na mako, ya tambayi na wata, har ya samu inda kuɗin da yake sayen giga uku da su za su ba shi goma, da garaɓasa a kai. Ya ce a gwada masa. Aka sa sim, sanda biyar cif, bidiyo na gudu ba ko tuntuɓe. Da ya ɗaga kai da ya ga ƙarfen sabis ɗin kamfanin tsaye a bayan lemar, a inuwarsa ma yake zaune. Ina! Ya zare tsohon sim ya jefa a aljihu, ya sa dillali ya shigar da sabuwar lamba a guruf, ya koma gida ya cika majalisa da labarin cewa shi ya bar layin wahala, su da Allah bai buɗe wa ido ba su ci gaba.

Tun yana gangara tudun ƙarshe sandunan suka fara zubewa, kafin ya kai ƙofar gida babu ko ɗaya. A ranar ya gane, amma bakin da ya yi wannan cika ya zai buɗe kuma? Sai ya ɓullo da dabara. Duk bayan kwana biyu ko uku sai ya hau babur ya ce zai sayo man injin ban-ruwa, ya je bakin titi inda sabon layin ke kamawa, ya tsaya saƙonni su shigo, ya dawo yana taƙama. Wata guda yana haka, asirinsa a rufe.

Makon da tumatirinsa ya nuna sosai, injin ya yi ta ba shi wahala, tun Litinin bai leƙa titi ba. Ranar Talata dillali ya jefa saƙo cewa mota ta lalace a hanya, kada kowa ya tsinka sai Lahadi. Mutum talatin da tara suka ji. Ba wanda ya je ya gaya masa, don wa zai kai wa mai giga goma labarin waya? Laraba ya ɗauko mata masu tsinka daga tsallaken rafi, suka yini a gonar. Waɗanda suka hango shi suka ce ai mai data ya samo wani mai saye ke nan. Alhamis da sassafe ya fito da kwando sittin a amalanke har bakin titi, ya tarar wurin lodi wayam, ba mota ba mutum. Yana cikin waige-waige wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya tsaya a tsakiyar kwandunan ya saurari muryar dillali tana cewa kada a tsinka, saƙon kwana biyu da suka wuce.

Tumatir in an tsinke ba ya komawa jikin uwarsa, kuma a zafin nan kafin Lahadi ya zama ruwa. Haka ya juyo da kayan. Shi da iyalinsa suka zauna da wuƙaƙe suna yankawa suna shanyawa a ƙasa, noman wata uku ya koma kauda, wadda ba za ta kawo masa ko rubu'in kuɗin ɗanye ba. Ni dai tausayi ya ba ni, don ba rago ba ne. Ana cikin yankan matarsa ta tambaye shi, ba da gatse ba, ita tsakani da Allah take son sani:

"Malam, ko datar ce ta ƙare?"

Ya ɗauki wani tumatir ya yanka, sannan ya ce, "Ko rabi ban sha ba."

To ka ji. Kafin ka tambayi giga nawa za a ba ka, je garin da za ka zauna, ka tsaya a tsakar gidan da za ka kwana, ka tambayi mutanen wurin wane layi ne ke iso musu. Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa.