Zuciyar Gado

"Gwaggo, ke kaɗai 'yata za ta ji maganarki," in ji kafinta, yana sharce gumi. Shekaranjiya ya yi jifa da guduma don an taɓa masa ma'auni, saura ƙiris ta sami jikansa. 'Yarsa ta saɓi ɗanta, ta rantse yaron ba zai ƙara taka gidan kakan nasa ba.

"Ki faɗa mata ba yin kaina ba ne. Shekara hamsin ina fama! Zuciyar Baba ce, a jini take. Mutum na iya canza jininsa?"

Tsohuwar ta bar shi ya gama huci, sannan ta ajiye carbinta.

"Wane jini? Kana wata bakwai iyayenka suka rasu, yayana, wanda kake kira Baba, ya ɗauki riƙonka, mu kuma muka rufe baki. Mahaifinka ko kaza zai kora sai ya ba ta haƙuri."

Kafinta ya laluba bango ya jingina. "To wannan zuciyar fa, daga ina?"

"Gani ka yi ka koya, ɗan nan. Kuma ka iya koyarwa. Jiya da uwarsa ta kawo shi nan, na hana jikan naka alewa, ya jefe ni da kofi."