Tankin Injiniya Musbahu

Ana idar da sallar Magariba injinan yin butar roba suka sake tsayawa cak, fitilu suka yi ja suka mutu. Injiniya Musbahu ya cire hular kwanonsa ya buga da ƙasa.

Dabararsa ba wani surkulle a cikinta. Kamfanin robobin Alhaji Gwadabe da ke Sharaɗa tsohuwar masaƙa ce, tana da dogon ramin lifta da aka daina amfani da shi. A ciki Musbahu ya rataye ƙaton tankin ƙarfe, ya cika shi da ruwa, ya rufe. Da rana wutar sola ta ja shi sama. Rana na faɗuwa sai ya riƙa saukowa a hankali, nauyinsa na juya janareta. Ranar da ya yi wannan bayani Alhaji na kan waya da direbansa da ya maƙale a Dakata, kai kawai yake gyaɗawa. Abu ɗaya ya shiga kunnensa: an huta da sayen dizal.

Da farko tankin yana riƙe ma'aikatan yamma har su tashi. Alhaji ya riƙa kawo abokansa daga Bompai su gani. Sai abu ya fara ja da baya. Yau wuta ta kai Isha, gobe ba ta kai ba.

Musbahu ya canza giris, ya canza bel, ya kwance janareta ya mayar. Komai lafiya lau. Abin da ya fi ƙona masa rai, kullum da safe tankin ƙara saurin hawa yake yi, sai ka ce dariya yake masa.

Ya ajiye aikinsa mai albashi saboda wannan tanki, har matarsa Aina'u ta gaji da cewa ya yi tunani. Yanzu ga shi leburori na kiransa Injiniya Sai-da-rana, a bayan idonsa wai, amma yana ji.

Zarginsa ya faɗa kan Falalu, mai kawo dizal, wanda kasuwarsa ta mutu tun da aka rataye tankin. Ya tare shi a bakin get, ya ce ya faɗi abin da ya taɓa. Falalu ya rantse ko ƙofar liftar bai sani ba. Da ƙyar aka raba su.

In ransa ya ɓaci haka, sabon famfon da ke gefen masallacin kamfani yake zuwa ya wanke fuska. Duk layin an manta rabon da a ga ruwan famfo, amma wannan feshi yake da ƙarfi, musamman da azahar, har 'yan garuwa na jera kurarsu. Musbahu bai taɓa tashi daga wurin bai sa wa wanda ya ja shi albarka ba.

Alhaji ya ba shi zuwa Juma'a. In bai gyaru ba, 'yan gwangwan za su zo su yanka tankin su auna.

Juma'ar ta zo, wutar ko Magariba ba ta kai ba. Musbahu ya tsuguna a bakin famfo zai yi alwala, idanunsa sun kaɗa. Alhaji ya zo ya tsaya a kansa, ga alama ya ji tausayinsa.

"Injiniya, ka yi haƙuri, abin Bature ne, bai karɓi ƙasarmu ba. Amma wahalarka ba ta tashi a banza ba."

Musbahu ya ɗago, ruwa na zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Wannan famfon ni na sa aka ja, sadaka ga marigayiya Hajiyarmu. Na ga ruwa cike da tankinka, kullum sai hawa da sauka yake, ba mai sha."