Taken da Aka Kaɗa a Ramin Yaƙi

Kai da bakinka ba ya gajiya da zuga mutane, matso nan, maigidana, in ba ka misali.

A zamanin yaƙin Jamus na farko, da Turawa suka bi gari-gari suna ɗibar maza, an ɗauki wani ɗan tauri aka sa masa kakin soja. Makaɗinsa ya ce inda ubangidansa ya sa ƙafa nan zai sa tasa, sai aka ɗauke shi dakon akwatin harsashi. Tun suna samari suke tare. A gida, in makaɗin nan ya rataya ganga ya saki taken ubangidansa, ko tuwo mutumin yake ci sai ya tsame hannu ya miƙe, jiki na tsuma, ya zare wuƙa yana gurzawa a cikinsa tana lanƙwashewa. Haka abin yake, ɗan tauri ba ya jin takensa yana zaune. Da wannan kiɗan makaɗin yake ci, da shi ake ganin girmansa a gari.

Aka kai su gindin wani dutse can ƙasar Kamaru. Shi makaɗi ya zaci irin yaƙin da ake faɗa a waƙa zai gani, maza su fito fili a haɗa ido. Ina! Shebur aka miƙa wa kowa, aka ce a haƙa rami dogo mai zurfin da zai shanye mutum. Nan ake ci, nan ake salla a tsugune, ruwan sama ya taru har ƙafa ta yi fari ta fara wari, ga ƙwarƙwata. A gabansu waya mai ƙaya, bayan waya abokan gaba cikin nasu ramin, suna da bindiga mai ruwa, wadda in ta fara zuba harsashi ba ta tsayawa numfashi. Ba ka ganin mai harbinka, shi ma bai san sunanka ba. Sajensu, wani dattijo mai furfura, kullum maganarsa guda: "Kai ƙasa! Wanda ya ɗaga kai ya sa uwarsa kuka."

Ɗan taurin ya ji magana. Ya ga yadda bindigar nan ta yanke wata bishiya kamar an sa gatari, ya san maganin da ya sha na wuƙa ne da mashi, sai ya riƙa rarrafe kamar kowa. Makaɗin ne abin ya tsaya wa a rai. Ya dubi ubangidansa durƙushe cikin laka, sai ya ji kamar shi aka tuɓe a kasuwa. In sun koma gida, me zai kaɗa? Ana nan, wata rana da hantsi, wasu sojoji 'yan garinsu suka taso shi da ba'a: "Makaɗi, wai wannan ne naka da ƙarfe ke tsoro? Ga shi ya koma gafiya!" Aka kwashe da dariya. Zuciya ta ɗebe shi. Ba ganga a kusa, sai ya jawo akwatin harsashin da ba komai a ciki, ya shiga kaɗa taken da yatsu yana kirari: "Tashi, na gaban ƙarfe! Maƙeri ya ƙera don wasu!" Ubangidan ya juyo ya dube shi, ya ce a hankali, "Bari, don Allah. Nan ba gida ba ne." Bai bari ba, sai ma ya ƙara murya. Ido ya yi wa mutumin yawa. Kafaɗunsa suka fara rawa, ya miƙe, ya dafa bakin rami ya hau, ya buɗe baki zai amsa kirari. Bindigar ta yi ɗan tari. Ya dawo cikin ramin, a kan cinyar makaɗinsa.

Ba wanda ya zagi makaɗin, kuma da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Saje ya zo ya ɗauke akwatin daga gabansa, ya wuce.

Da yaƙi ya ƙare makaɗin ya dawo gida, ya tarar labari ya riga shi, kuma ya yi ado a hanya: wai ɗan tauri ya mutu a tsaye, shi kaɗai ya tunkari bindigar Jamus. Uwar mamacin, tsohuwa ce da ido ya fara gazawa, ta aika aka kira shi. Ta ba shi goro da babbar rigar ɗanta, ta ce, "Kai ne ka tsaya masa har ƙarshe, ɗan nan. Kaɗa mini takensa in ji." Aka ɗauko ganga aka rataya masa. Marayun da mamacin ya bari suka zagaye shi suna jira. Ya ɗaga gula, hannu ya ƙi sauka. Can ya ce, "Inna, ya ce in bari. Ni ne ban bari ba."

Tsohuwa ba ta yi kuka ba. Ta ja mayafi ta juya fuska ga bango. Shi kuwa ya fito da rigar nan a hannu, ba halin sawa, ba halin mayarwa. Ya yi tsawon rai, ka ji, amma ko hanyar ƙofar gidan bai sake bi ba, sai ya zaga ta bayan gari.

Mamacin ya gane zamani, mai zuga shi ne bai gane ba. Shi ya sa masu iya magana suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.